Katin da Ba a Buɗe Ba

Duk wanda ya san Gusau ya san Hajiya Maijidda. Ko bai taɓa ganinta ido da ido ba, ya ga hotonta a allon bakin titi tana murmushi, rungume da jaririn wasu. Mijinta, Alhaji Dalhatu, shi ne shugaban wata babbar ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi, don haka ba a kiranta da komai sai Uwargidan Shugaba. Ita kuwa ta karɓi sunan hannu bibbiyu. Ta ga yadda matan shugabannin ƙasa ke yi a talabijin, ta ce me zai hana, ita ma ta kafa tata gidauniyar, ta raɗa mata suna Sauka Lafiya. Kiranta ɗaya ne: duk mai ciki ta je awo. Kuma kada a ci haƙƙinta, ta yi aiki. Ta raba gidajen sauro, ta kai mata asibiti a motarta, akwai 'yan mata ƙanana a unguwanni da dama da aka sa wa Maijidda saboda ita.

To a bayan gidan wannan baiwar Allah, a ɗakin da ke jikin madafa, akwai mai cikin wata shida da ƙafarta ta daina shiga takalmi.

Sunanta Hussaina, facalar Hajiya ce. Mijinta Uwaisu, ƙanin Alhaji, 'yan bindiga suka harbe shi a gonarsa ta Bilbis ran da ya fita shuka. Bayan addu'ar bakwai Alhaji ya aika mota aka ɗauko ta, ya ce ta yi takaba a gidansa, garin ba ya zaunuwa. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ta zo da ƙullin kayanta da katin awo guda, mai koren bango. A cikin katin akwai layuka takwas, na farko kaɗai aka cike. Ran da aka cike shi a ƙaramin asibitin Tsafe, malamar asibitin ta ce mata jininta ya ɗan hau, kada ta yarda ta wuce sati biyu ba a duba ta ba. Shekarar Hussaina bakwai da aure, ɓari biyu ta yi, wannan ne cikin da ya zauna. Ban da shi Uwaisu bai bar komai a duniya mai numfashi ba.

Wata safiyar Laraba ta sami Hajiya a falo tana karyawa, waya a kunne. Ta durƙusa da ƙyar, ta jira har aka gama wayar.

"Hajiya, ina kwana. Dama gobe Alhamis ta, an ce ran nan aka awo asibitin gwamnati. Nac ce ko in tahi, ƙahwahuna sun kumbura."

Hajiya ta ajiye kofi, ta dube ta da tausayi na gaske. "Haba Hussaina, kin manta halin da kike ciki? Mai takaba ba ta yawo. Kuma ki tafi asibitin gwamnati ki bi layi, wani ya gan ki ya ce ga facalar Uwargidan Shugaba can a ƙasa kan tabarma? Ina zan sa fuskata? Ki bari, likitana zan kira, har ɗaki zai zo ya duba ki."

"To Hajiya, na gode. Yaushe za shi zo?"

"Cikin satin nan, in sha Allahu."

Satin ya wuce. Na bayansa ma ya bi shi. Likita ya yi tafiya, likita ya dawo amma yana da tiyata, Hajiya ta manta, Hajiya ta tuna amma lambar ba ta shiga. Hussaina takan danna yatsa a ƙaurinta ta ga wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, kamar ƙullun da aka kwaɓa. Sai ta dafa cikin, in ta ji motsi ta yi hamdala, ta ja zane ta rufe ƙafar.

Ana nan sai ga Hajiya da kanta har ɗakin bayan, abin da ba ta saba ba. Ta zauna bakin katifa, ta ce gobe gidauniya na da taro a wani babban ɗakin taro a nan Gusau, tana son Hussaina ta zo ta faɗa wa mutane abin da ya same ta.

Hussaina ta ce a hankali, "Hajiya, takabar hwa?"

"Ai wannan lalura ce. Aikin lada ne, mata dubu za su amfana. A mota za ki tafi, a mota za ki dawo, ba mai ganin ko tafin hannunki. Ki taho da katin nan naki."

Haka aka yi. Aka zura mata dogon hijabi mai ruwan toka har ƙasa, aka ba ta silifas ɗin maza tunda nata ya ƙi shiga. A kan dandamali Hajiya ta riƙe hannunta ta yi jawabi mai ratsa zuciya. Ta ce ga marainiyar Allah, an kashe mata miji, ta rasa gida, ta rasa gona, amma ba ta yar da katin awonta ba. Ta ce rigakafi ya fi magani. Ta ce, "Ɗaga shi, Hussaina, ɗaga su gani!" Hussaina ta ɗaga katin a rufe, koren bangon na kallon jama'a. Aka miƙa mata lasifika, ta faɗi yadda aka kawo mata Uwaisu a amalanke, da irin dawar da bai gama shukawa ba a aljihunsa. Ba ta yi niyyar kuka ba, amma ya zo. Mata suka yi ta sharɓe hawaye, masu ɗaukar hoto suka matso har tana jin numfashinsu.

Da suka dawo gida, Inna Fatsuma, tsohuwar da ke yi wa gidan girki shekara da shekaru, ta kawo mata tuwo ta tsaya tana kallonta.

"Ke ɗiyata, ni abin ga ya ɗaure man kai. Takabar da ta hana ki asibiti, ita ta bar ki gaban maza ɗari?"

"An ce lalura ta, Inna."

"Wagga ƙahwa taki hwa? Ita ado ta?"

Inna ba ta tsaya nan ba. Da ta je gida ta biya ta wurin matar limamin unguwarsu, wadda ke koyar da matan aure karatu, ta tambaye ta. Amsar ba ta da kwana: mai takaba tana fita neman magani, ta je da rana ta dawo ta kwana ɗakinta, babu malamin da ya hana. Hussaina ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, don dama abin da ke cin ta ke nan, tsoron kada ta fita ta ci amanar mamaci. Washegari da hantsi ta tari Alhaji yana shirin shiga mota, ta durƙusa gefe ta faɗa masa.

Alhaji Dalhatu mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya saurare ta har ƙarshe yana jan carbi.

"To ai ba wanda yac ce haramun na," in ji shi. "Sai dai kowane gida da al'adarsa. Mu gidanmu, tun kakanni, mai takaba ba ta taka ƙohwar gida. Amma wagga magana ta mata ta, ki samu Hajiya. Wa ya kai ta sanin harkar masu ciki duk jihar ga? Kina gidan ruwa kina kukan ƙishirwa?"

Ya yi 'yar dariya, ya shiga mota, maigadi ya ja ƙofa.

Ranar Alhamis ta gaba Inna Fatsuma ta ce su tafi kawai, in ya so a yi faɗan daga baya. Ta tare mai keke-napep ya tsaya a waje. Sun kai tsakar gida ke nan, Hussaina na jan ƙafa, sai ga Hajiya ta fito daga sashenta da baƙi mata biyu 'yan gidauniya. Ta yi murmushi ta sallami baƙin, sannan murmushin ya ɗauke.

"Inna, ke da ya kamata ki tsawatar, ke ce mai ja? So kuke a ɗauki hotonta a layin asibiti a watsa a waya, a ce ga mai Sauka Lafiya ta kasa kula da ta gidanta? Kun san maƙiya nawa gare ni? Hussaina, me na rage ki da shi? Ci ne ko sha? Na ce likita zai zo, zai zo. Jibi muna da taron Tsafe, muna dawowa ni da kaina zan kai ki asibitin kuɗi, a yi miki hoton ciki, a yi komai."

Hussaina ta ji kunya ta rufe ta kamar ita ce mai laifin. Wanda ke ci a akushin wani ba ya iya ɗaga ido ya musa masa, ita kuwa ba ta da wani akushin. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya." Ta juya ɗaki. Mai keken ya gaji da jira ya yi gaba.

Tafiyar Tsafe ta zo da ciwon kai. Tun asuba yake sara mata ta goshi, ga wasu 'yan ƙyalƙyali da ke gilmawa a idonta in ta juya. An yi ruwa, hanya duk ramuka, kowane rami sai ta ji shi a mararta. Da suka shiga gari motar ta bi ta gaban ƙaramin asibitin da aka cike mata layin farko. Ta gane bishiyar dalbejiyar da Uwaisu ya jingina babur ɗinsa ran nan yana jiranta, ya sayo mata gyaɗa dafaffa. Ga mata nan zaune a baranda da katunansu.

"Hajiya, ga asibitin nan. Don Allah ko minti biyar, su auna jinin kawai."

Hajiya ta duba agogo. "Mun riga mun makara, hakimai na zaune suna jiranmu. In an tashi sai mu biyo."

Aka yi taro. Aka ɗaga kati a rufe. Aka ba da labarin amalanke da irin dawa, mata suka yi kuka, wata tsohuwa daga 'Yankuzo da ita ma aka kashe wa ɗa ta rungume Hussaina ta ƙi saki. Da aka tashi la'asar ta yi, Mamman direba ya ce shi dai ba zai kai yamma a kan wannan hanya ba, kowa ya san halin da ake ciki. Gaskiya ya faɗa, ba mai musa masa. Suka wuce asibitin a guje, Hussaina ta bi dalbejiyar da kallo har ta ɓace.

Asibitin kuɗin da aka yi alkawari kuwa, sai ga wani babban al'amari ya taso ya danne shi. Wata ƙungiyar mata ta Abuja ta ji labarin Sauka Lafiya, za ta turo wakilai su ga aiki da idonsu, in ya yi musu za su ba Hajiya lambar yabo. Aka sa rana, sati biyu, a Bungudu. Gidan ya koma kamar gidan biki. Tela na shiga, mai buga riguna na fita, ana sauke katan-katan na sabulu da zannuwan jarirai a tsakar gida, daidai ƙofar Hussaina. Hajiya ba ta zama, ba ta cin abinci a kan lokaci, har ta rame. In ta gilma takan leƙo ta ce, "Sannu Hussaina, ya jikin? Bari dai mu ga bayan Bungudu." Ta wuce kafin a amsa.

A cikin sati biyun nan fuskar Hussaina ta cika har idanunta suka ƙanƙance. Zoben azurfar da ta cire don takaba, ta gwada shi a ɗan ƙaramin yatsa don ta gani, ya ƙi wuce farce. Motsin cikin ya ragu. Da can yaron kan yi ta harbi in ta sha kunu, yanzu sai ta daɗe tana lallashi da tafin hannu kafin ya ɗan taɓa ta. Takan yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta ce ya yi haƙuri, saura kwana kaza. Haushi na cin ta, ba ta san wa za ta ji haushi ba. Matar nan ba ta zage ta ba, ba ta hana ta abinci ba, ko da yaushe da "sannu" a bakinta. Inna Fatsuma ce kaɗai ke faɗin abin da sunansa, tana tuƙa tuwo tana ƙwafa: inuwar giginya, na nesa ka sha ki.

Ran taron Bungudu, Hussaina na sauka daga mota ta ga abin da ya cika ta da murna. An kafa rumfuna uku a filin makaranta, an rubuta awo kyauta. Ga malaman asibiti cikin fararen kaya, ga abin auna jini, ga mata masu ciki sun fi ɗari a layi. Abin da ta yi wata biyu tana roƙo, ga shi an kawo a mota ɗaya da ita. Ba ta tambayi kowa ba. Ta sulale daga cikin 'yan rakiya ta bi layi, katinta a hannu.

Wata malamar asibiti, Nana Khadija, tana bin layin tana karɓar katuna, ta zo kanta ta tsaya cak. Ta dubi fuskar, ta ɗaga gefen hijabin ta dubi ƙafar, ta buɗe katin. Ita ce mutum ta farko da ta buɗe shi tun daga Tsafe.

"Baiwar Allah, awo ɗaya kika yi? Tun watan shuka? Wa ke riƙe da ke?"

Malamar ta ja ta gaban layi ta zaunar, ta naɗa mata abin awo a dantse. Ta matsa, ta duba, ta sake matsawa, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta duba.

"Kanki na ciwo? Kina ganin wuta-wuta?"

"Sati biyu ke nan."

"Ba ki tashi daga nan sai cikin mota. Yanzun nan za a kai ki babban asibiti a ba ki gado. Jinin nan in ya ƙara ko kaɗan jijjiga za ki yi, daga ke har abin da ke cikinki ba wanda na lamunce wa."

Sai ga Hajiya ta iso da sauri, leshinta na walƙiya, tana ta neman Hussaina. Malamar ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Fuskar Hajiya ta canza, ta dafa ƙirji ta yi salati. Sannan ta waiga ta dubi rumfar manyan baƙi, inda kujerun gaba suka fara cika.

"Sista, na ji, kuma na gode. Minti goma kawai. Ita ce ta uku a tsarin taro, baƙin nan saboda labarinta suka taso tun daga Abuja. Tana sauka Mamman zai wuce da ita, ga mota nan a kunne."

"Hajiya, ni ban ba da minti ɗaya ba."

"Ai ni ma harkar nan na sani, shekarata shida a cikinta. Facalata ce, a gidana take, ba wanda ya kai ni son ta sauka lafiya. Taso, Hussaina."

Hussaina ta dubi malamar, ta dubi Hajiya. Ta so ta ce a'a. Kalmar ta zo har bakinta. Amma ga hannun Hajiya a kafaɗarta, hannun da ya ɗauko ta daga Bilbis, ga idon mutane. Ta tashi.

Minti goman Hausa kowa ya san shi. Aka jira wani babban baƙo da bai iso ba. Da ya iso aka sake buɗe taro da addu'a. Mai gabatarwa ya yi wa kowane mai rawani kirari, 'yan makaranta suka yi wasan kwaikwayo a kan wani miji mai hana matarsa zuwa awo, aka yi ta dariya ana tafi. Sau biyu Nana Khadija na zuwa bayan dandamali, sau biyu masu tsaro na mayar da ita. Rana ta take tsaka, rumfar ta ɗauki zafi. Hussaina na zaune a kujerar roba, kanta kamar ana daka sakwara a ciki, tana dafe da cikin tana jiran motsi.

Da aka kira ta, Hajiya ta riƙo ta suka hau. "Ɗaga shi su gani!" Ta ɗaga. Ta buɗe baki ta ce, "Ran da anka kawo shi cikin amalanke..." Sai harshen ya karye. Hasken filin ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya. Ta faɗi a kan katakon dandamali tana jijjiga, haƙoranta sun datse, katin na damƙe a hannunta.

Ta farka bayan kwana biyu a wani asibiti a Gusau, da robar ƙarin ruwa a hannu. Abu na farko da ta yi shi ne kai hannu cikinta. Ta ji shi wayam. Inna Fatsuma na zaune gefen gado, idanunta sun yi ja.

"Namiji na," in ji Inna. "An yi mai sutura jiya. Kamar Uwaisu ya yi kaki, har goshin."

Hussaina ba ta yi ihu ba. Ta juya fuska bango, hawaye na bin kunnenta. Likitar da ta zo zagaye ta ce an yi sa'a da aka same ta ita da rai, ta ƙara da cewa wannan ciwo ne da ƙwayar magani da awo a kan lokaci ke riƙe shi, da an kawo ta ko da sati uku baya, da wata maganar ake. Alhaji na tsaye lokacin. Ya ce Allahu akbar, kowa da kwanansa, abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa. Hajiya ta yi kuka har da shessheƙa, kuma kukan gaske ne. Ta ce wa ya san abin zai zo da sauri haka, ta ce da ma Hussaina ta matsa mata, ai ita abubuwa ne suka yi mata yawa.

Kwana tara bayan an sallamo ta, da hantsi, Hajiya ta shigo ɗakin bayan da leda a hannu. Ta zauna bakin katifa kamar wancan karon. Ta zazzage ledar: atamfa mai tsada, mayafi, takalmi, har da lalle da turare.

"Hussaina, haƙuri za ki ƙara. Allah ya ba ki mai amfani nan gaba. Na tambayi malamai, sun ce mai ciki da zarar ta sauke, ko da rai ko babu, takabarta ta ƙare. Kin fita ke nan, sai ki yi wanka ki yi ado." Ta gyara zama. "Mutanen Abuja sun kira. Abin da ya faru a gabansu ya girgiza su ƙwarai. Ranar Asabar za a ba da lambar, kuma sun ce lallai in zo da ke. Ki gaya wa duniya abin da hawan jini ke yi wa mai ciki. Wallahi labarinki yanzu zai ceci mata fiye da da."

Hussaina ta daɗe tana kallon atamfar. Wani abu mai zafi ya taso mata tun daga mara, inda ɗinkin tiyatar da aka ciro ɗan yake, har maƙogwaro. Wata uku tana haɗiye shi, yau ya ƙi haɗiyuwa.

"Hajiya, kin ce na hita takaba?"

"Kin fita."

"Ke nan yanzu ba abin da ka hana ni taka ƙohwar gida."

"Babu. Har jirgi za ki hau."

Hussaina ta miƙe a hankali, tana dafa bango. Ta jawo ƙullin kayan da ta zo da shi daga Bilbis, wanda dama ba ta taɓa kwance shi duka ba. Ta zura tsohon takalminta, ya shiga. Ta ɗaga matashi ta ɗauko katin, gefensa duk ya lanƙwashe inda ta damƙe shi a Bungudu. Ta buɗe shi, ta ɗora a kan atamfar, a cinyar Hajiya.

"Ga wanda za ya raka ki Abuja. Sau ukku ina ɗaga shi a ruhe. In kin tahi ki ɗaga shi a buɗe, ki ce masu mai katin ga ɗakinta na bayan naki, taku ashirin. Ki ƙirga masu layin da ba a cike ba."

"Hussaina! Ni kike gaya wa haka? Bayan duk abin da..."

"Na gode da tuwo, Hajiya. Allah ya saka."

Ta fito. Inna Fatsuma na bakin madafa, ta ji komai, ta riga ta yafa mayafinta ta bar tukunya a kan wuta. Ta karɓi ƙullin ta ɗora a kai, ta ce akwai ɗaki a gidanta, in an kwana biyu a nemi dangin Hussaina da suka yi hijira Tsafe. Alhaji na zaune a barandarsa da baƙi, ya ɗago ya bi su da ido, ya buɗe baki. Babu takaba, babu al'adar kakanni, babu likitan da zai zo cikin satin nan. Ya mayar da bakinsa ya rufe. Maigadi ya buɗe ƙaramar ƙofa.

Daga ƙofar gidan zuwa asibitin gwamnati, inda ake awo duk Alhamis, mai keke-napep bai yi minti bakwai ba. Hussaina ta ga ginin ya wuce ta gefenta, ga mata a baranda da korayen katunansu. Ba ta taɓa sanin kusa yake haka ba.

Ranar Asabar aka nuna Hajiya Maijidda a talabijin tana karɓar lambarta. Ta yi jawabi mai kyau, ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce ta sadaukar da lambar ga wata 'yar'uwarta da ta rasa ɗanta saboda rashin zuwa awo. Aka tashi tsaye ana tafi. Sannan ta buɗe jaka ta fito da wani kati mai koren bango, ta ɗaga shi sama don kowa ya gani.

A rufe.